Awa Ɗaya da Ta Ɓace

Ruwan sama na ƙwanƙwasa tagar kicin, Vigo ta yi shiru,
jiragen kamun kifi na gyangyaɗi a bakin gaɓa.
Baba ya tuɓe takalman roba, ya ce, "Sabela,
manhajar nan taki ta yi mini ƙaryar awa guda.
Ta ce teku za ta janye da shida. Na je,
na tarar da ruwa ya shanye matakalar tasha."
Ba tawa ba ce, Baba, ta kowa ce.
"To in ta kowa ce, ke ba kowa ba ce?"

Na ture kwanon miya, na buɗe kwamfuta.
Rumbun manhajar ba ƙyaure, ba kwaɗo,
da layin umarni ɗaya na kwaso shi kaf.
Fayil dubu uku, gumin mutanen da ban taɓa gani ba,
ya zo ya zauna tsakanin gishiri da burodi.

Takardar jagora ta ce mataki biyar ne, sai ka gama.
Wanda ya rubuta ta, Allah ya yafe masa.
Na ɗaya ya wuce kamar ruwa a maƙogwaro.
Na biyu ya ce sigar da ke hannuna ta tsufa.
Na sabunta.
Na uku ya ce ta cika sabunta.
Gaba kura, baya sayaki.

Wannan ƙunshi na neman wancan,
wancan na neman kakansa,
kakan kuwa an daina leƙa shi tun ina sakandare.
Na ware wa aikin ɗakinsa shi kaɗai
don kada ya hargitsa mini sauran gida,
na sake girkawa daga fari.
Jan rubutu ya sauko a baƙin allo,
layi bisa layi, kamar ƙayar kifi a miya,
kowace sai an tsince ta da hannu.

Ƙarfe ɗaya. Shayi ya huce.
Rumbun bayanai ya ƙi tashi, ya ƙi faɗin dalili.
Na kusa rufe murfi in bar wa masu iyawa.

Can ƙasan wani fayil da ba wanda ya aike ni,
na ga sawun wani Ilmari, mutumin Oulu:
"In ya ƙi tashi, kwafi fayil ɗin misali, sauya masa suna.
Na kwana uku a nan. Kai kada ka kwana."
Ban san fuskarsa ba.
Na gode masa da ƙarfi har kyanwa ta farka.

Ya tashi.
Gwaje-gwaje suka shiga jerin gwano,
kore, kore, kore, ɗari biyu da sha ɗaya,
sai ja guda, tsaye shi kaɗai,
daidai daren da ake mayar da agogo baya.
Ashe nan kika ɓuya.

Na buga adireshin da ma'anarsa ita ce nan gida,
sai ga teku a teburinmu,
shuɗin zare yana hawa yana sauka,
ba wanda ke kallonsa a duniya sai ni.

Huɗu da rabi Baba ya fito yana ɗaure rigar ruwa.
"Kin gyara?"
A'a. Na dai samu ta kunnu.
"Dare guda don kunnawa?"
Ya leƙa allon, ya sosa gemu.
"Ni ma damina guda na yi ina koyon ƙulli
kafin kakanki ya bar ni in taɓa igiyar ƙumba."
Ya leƙa sama ta taga, ya karanta lokacinsa a can, ya fita.

Awar tana nan a ɓace, sai na yi barci zan bi ta.
Amma kafin in rufe ido na buɗe takardar jagora,
ƙarƙashin mataki na biyar na rubuta na shida
da kalmomin Ilmari, da sunansa,
na tura.